Kada a Ba Wahala Tuwon Iri

Jiya 'yata Hafsatu ta dawo daga makaranta da aikin gida: an ba su wata kalmar Turanci mai nufin wahala, a sa ta cikin jimla. Ta rubuta wai wanke-wanke ne wahala. Na yi dariya har da ƙwalla, sai Inna Delu ta faɗo mini a rai, kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta.

A ƙauyenmu, can gefen Sule Tankarkar, bayan sallar isha'i mukan kewaye murhunta, tana tura kara a wuta tana yi mana tatsuniya. Akwai shekarar da rumbunmu ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba. Anza muke ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana biyu ana jiƙawa ana sauya ruwa. Abin da ya rage a gidan tulu ɗaya ne na geron shuka. Wani dare kukan ƙanena ya ishi mahaifiyata, ta juye irin a turmi.

Inna ta tura kara a wuta. Mu ta kalla.

"Ku matso, 'yan albarka, ga wata nan. Wata tsohuwa ce, sunanta Wahala, ta yi sallama a gida biyu. Gidan farko suka ji kunyar baƙuwa, suka tuƙa mata tuwon iri. Ta suɗe hannu ta ce, 'Kai, nan akwai mutunci!' Ta shimfiɗa tabarma, shekara bakwai cur. Gida na biyu suka miƙa mata anza."

"Ta ci, Inna?" in ji ni.

"Ta ci mana, tana yatsina. Ruwan farko na sauka ta ɗauki sandarta."

Ba mu ji ƙarar taɓarya ba. Mahaifiyata ta durƙusa tana kwashe geron da tafin hannu, tana goge ido da bakin zane. Da aka yi ruwan shuka, muna da abin zubawa a rami.

Sai da na girma na gane ba mu aka yi wa tatsuniyar ba. Lokacin da aka rufe iyaka a Maigatari, aikin lodin maigidana ya tsaya cik, ya ce mu sayar da keken ɗinkina.

Na ce, "Malam, a yi haƙuri, wannan iri ne."

Wata da watanni muna shan kunu ba sukari, ina facin kayan maƙwabta. Alhamdu lillahi, hanya ta buɗe. Da safen nan ina taka keken, Malam yana tsaye a kaina wai in yi sauri, aljihun rigarsa ya yage, ga mota na jiransa.