Injinan Baffa da Gawon Inna

Ni dai har yau in na ji warin esansi, wato fetur, da baƙin mai sai raina ya ɓaci, kuma baffana ne ya jawo. Ƙanen babanmu ne. Gidanshi na Tasawa aka kai ni da na shiga lise, babbar sakandare, don mu ƙauyenmu yana can wajen Hawandawaki, lakwal ɗinmu ba ta wuce ƙaramin aji ba. Ya ce ya ba ni ɗaki. Ɗaki fa! Ni da tsohin injinan yanke icce muke kwana, su bisa katako da bargo, ni bisa tabarma.

Shekaru ya yi Kurmi yana aikin katako, ya dawo da wannan ciwon. Duk inda ya ji an yar da inji sai ya bi shi. Wani daga garejin wani foroje na aikin raya karkara da ya watse tun babban fari, wani Mayahi ya samo shi ƙarƙashin tarkacen wani makaniki, wani ma ba ya da hannu, da waya aka ɗaure shi. Kowane ya girme ni. Ranar Juma'a in an sauko masallaci sai ya jera su tsakar gida, ya gauraya esansi da mai cikin kwalba, ya girgiza, ya goge buji mai ba da wuta da bakin rigarshi, ya tada su ɗaya bayan ɗaya wai kada su daskare. Ba abin da yake yankewa. Ƙara kawai da hayaƙi. Ni ga jarrabawar bak a gabana, soja sun karɓi mulki, an rufe iyaka, kuran ba ya zuwa balle a kunna fitila, da rana kaɗai nake iya karatu, shi ko a lokacin yake shagalinshi.

Akwai babba cikinsu, ja, ɗan Jamus, mai nauyin buhun hatsi. Ya daɗe bai tashi ba. Ranar da ya tashi, baffa har rawa ya taka. Da yamma ya ce mani, "Kai ɗan lakwal, gobe ka riƙe mani shi bayan moto. Gawon gonar gado za ni kayar."

Tun rasuwar babanmu ba a raba gonar ba, Inna, mahaifiyarmu, ke nomanta. Bara damina ta yi gardama, ciyawa ba ko ɗaya, 'ya'yan gawon nan ne suka riƙe awakinta har suka ga bazara. In ya faɗi, awaki sun tahi.

Na ce, "Baffa, me ya yi maka?"

"Ya mutu. Ba ganye ko ɗaya, an gaya mani."

Ko ɗan yaye a ƙasarmu ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya tsiro. Shi ma ya sani sarai. So kawai yake haƙoran injinshi su ɗanɗana babban icce, tun da ya baro Kurmi bai samu ba. Na laɓe bayan ɗaki na aika ma Inna murya ta salular maƙwabcinmu na ƙauye. Amsarta gajera ce: "Bar shi ya zo."

Munka isa da hantsi, cinyoyina duk sun mutu. Mun iske ta zaune gindin gawon tana ɓarar gyaɗa. Tsakaninta da shi akwai wasan matar wa da ƙanen miji, amma ran nan wasan da ƙaya cikinshi.

"Maraba da mijina ƙarami. Amaryar taka ce wannan aka goyo? Ai ko ta tsufa."

"Yaya, tashi daga nan. Rabona ne nake ɗauka."

"Rabonka na noma fa, yaushe za ka zo ɗauka? Ga hauya can."

Ya durƙusa ya ja igiya, ya ja, ya ja, gumi na zuba, inji ya yi tari ya kama. Yara da makiyayan da ke wucewa suka taru. Ni kuwa tuni na ciro salula na danna bidiyo.

Inna ta tashi ta karkaɗe zanenta, ta ɗaga murya bisa ƙarar: "Don Allah kada ka ce ban gaya maka ba. Akwai ƙarfe cikin iccen nan. Da babban fari mahaifinku ya kakkafa guntayen hauya yana takawa ya hau kaɗo ma dabbobi 'ya'ya. Ɓawo ya rufe su."

"Tatsuniya! Ni ba ɗan gidan ba ne?"

"Kai lokacin kana goye."

Ya kafa injin. Garin icce ya fara feshi, ni wallahi ji nake kamar ƙafata ake yanka. Ya shiga kamar faɗin tafin hannu. Sai ƙararrr, tartsatsi, tas! Sarƙar ta tsinke ta yi bulala cikin rairayi, kaɗan ya rage ta kwashe mashi ƙafa. Injin ya yi wani kuka ya mutu.

Wani dattijon Buzu bisa raƙumi ya leƙo ya ce, "Sannu, Malam. Iccen ne ya ciji abin naka?"

Ai sai na fashe da dariya. Na yi ƙoƙarin riƙewa, bon, ban yi ƙoƙari sosai ba. Baffa na tsugune yana tsintar haƙoran sarƙa cikin ƙasa ɗaya ɗaya, irin sarƙar da an bar yinta tun ba a haife ni ba, ko Maradi ba ka samu. Kafin ya miƙe, babban yatsana ya riga ya tura bidiyon gurup ɗin ajinmu. Kafin azahar har masu shayin tasha sun gani.

Ya ɗaure gawar injinshi bayan moto, wurin da na zauna da safe. Ya dube ni ido jawur.

"Kai kuma ka nemi inda za ka kwana. Kayanka na ƙofar gida."

"To Baffa. A gaida abokan kwanana."

Haka na yi bak ina kwana shagon wani ɗan ajinmu, tsakanin buhunan siminti, kuma na ci, da mansiyo na yabo ma, a gaya mashi. Ran nan dai ban bi shi ba. Na tsaya na kwaɓa ma Inna laka da kashin shanu, ta cusa cikin yankan da hannunta, ta shafe bakin sumul. Da sanyi ya shigo gawon ya cika da ganye, awaki na ƙarƙashinshi suna ture juna.