Bugun Ƙirjin Tavion Mabry

Wendell Pettiford bai taɓa buga ƙwallon kwando a gaban 'yan kallo masu yankar tikiti ba. A garinsu Pine Bluff ya yi wasa a sakandare, gwiwa ta ƙi, sai ya koma riƙe wa koci, wato mai horarwa, allo. Daga nan ya yi shekara tara yana wanke wa 'yan wasan wata ƙaramar kwaleji riguna, yana rubuta abin da ya gani a fili a bayan duk takardar da ya tsinta. Wani mai farautar 'yan wasa ya ga rubutun, ya kawo shi ƙungiyarmu. Bana shekararsa sittin da ɗaya, ashirin da bakwai daga ciki a ɗaki guda ya yi su, ɗaki marar taga a bayan filin atisaye, daga shi sai bidiyo da fensir.

Aikinsa guda ne. Duk sanda ƙwallo ta suɓuce mana ta faɗa hannun abokan hamayya, shi zai rubuta laifin wane ne. Ba kullum mai jefawa ke da laifi ba. Wani lokaci ya jefa daidai, wanda ya kamata ya ruga wurin ne ya tsaya yana kallo. Wendell ne ke raba wannan gardama, kuma manajoji huɗu sun zo sun tafi ba wanda ya taɓa ja da takardarsa. Mu ma da muka fito daga jami'a da kwamfutocinmu, abin da ya rubuta muke zubawa a ciki, ba tambaya.

Bara wasa goma sha tara kacal muka ci. Aka sallami manyan 'yan wasa, aka ce sabon gini za a yi da yara. A sansanin horo na bana gurbi ɗaya ya rage, na mai raba ƙwallo, wato madugun da ke tsara wa sauran huɗun inda za su bi. Mutum biyu ke nemansa: Kellan Voss, mai hannun harbi, wato gwanin jefa ƙwallo a kwando, da Tavion Mabry, ɗan shekara ashirin da biyu daga Shreveport, wanda ba ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa. Manaja Priscilla Hahn ta ce ranar Litinin za a san mai zama.

Akwai abin da matar Wendell, Loretta, kaɗai ta sani. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa idon hagu, na daman ma ya fara hazo. Ta yi maganar asibiti har ta gaji. Shi tsoronsa kada a ji a ofis a ce ya je ya huta. Sai ya samo dabara. 'Yan wasa na da al'ada: wanda ya yi kuskure yakan bugi ƙirjinsa sau biyu, ma'ana laifina ne, ku yi haƙuri. Ko da idon bai ga ƙafar wa ta makara ba, yana ganin hannun da ya tashi zuwa ƙirji. Idan ƙwallo ta tafi, sai Wendell ya jira hannun, ya rubuta suna.

Ranar Juma'a ya miƙa takardarsa. Cikin mako uku, asarar ƙwallo ta Kellan sha biyar, ta Tavion talatin da huɗu.

Washegari da rana yana ɗakin cin abinci gaban farantin jan wake da shinkafa, sai ga Roosevelt Tate, dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, shi kaɗai ya rage cikin tsofaffin 'yan wasa. Ya ja kujera ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa ɗaga teburin.

"Tsoho, har yanzu da fensir? An ce maka an ƙirƙiro wutar lantarki kuwa?"

"Kai dai ka koyi kama ƙwallo," in ji Wendell. "Hannu kamar an shafa masa man shanu."

Roosevelt ya tuntsire da dariya. "Ai bana na huta! Ina da mai ɗauke min laifi. Ɗan Shreveport ɗin nan, ni zan tsaya kamar turken lantarki ƙwallo ta wuce ni, kafin koci ya buɗe baki ya riga ya bugi ƙirji. Ko tsuntsu ne ya yi wa alƙalin wasa kashi a ka, Tavion zai ce nasa ne."

Wendell ya ajiye cokali. Roosevelt ya ci gaba da surutunsa, shi kuwa Wendell ya tashi ya bar abincin.

Ya koma ɗakinsa ya kulle ƙofa. Ya jawo kujera har hancinsa ya kusa taɓa allon bidiyon, ya toshe idon hagu da tafin hannu, ya dinga mayar da kowane kuskure baya sau biyar, sau shida. Ga Roosevelt ya makara. Ga wani ya juya hagu alhali dama aka kira. Ga kuma Tavion kowane karo, hannu a ƙirji. Kafin la'asar ya gama. Cikin talatin da huɗun, sha uku ne na yaron.

Ofishin Priscilla hawa ɗaya ne a sama, motarta kuma tana waje. Ya kai har ƙofar bene ya tsaya. Idan ya faɗa, za ta tambayi yadda aka yi. Idan ya faɗi yadda aka yi, za ta tambayi tun yaushe, da kuma yara nawa aka sallama da takardarsa cikin shekara biyun nan. Ya ce wa kansa ai sai Litinin, akwai lokaci. Ya tafi gida.

Ranar Lahadi bayan coci ya kasa zama, ya dawo. Tavion na fili shi kaɗai yana harbi, yana bin ƙwallonsa da kansa.

"Mista Wendell! Yau ma aiki?"

"Zo nan, ɗana. Me ya sa kake bugun ƙirji a kan laifin da ba naka ba?"

Tavion ya share gumi da gefen riga, yana murmushin wanda aka kama. "Kocina na sakandare ne, yallaɓai. Ya ce idan ka bar dogonka ya sha kunya a gaban mutane, gobe ba zai yi maka gudu ba. Ka ɗauka kawai, a ɗakin bidiyo za a ga gaskiya. Ai ku kuna gani, ko ba haka ba?"

"Muna gani," in ji Wendell.

Da bakinsa ya faɗa. Ya juya ya fita, ya zauna a mota ya fi rabin sa'a bai tayar ba.

Litinin ƙarfe takwas yana gaban teburin Priscilla da takardu biyu, tsohuwa da sabuwa. Ya faɗi komai, har idon, yana kallon kofin gahawarta don ya kasa kallon fuskarta. Ta karanta sabuwar sau biyu.

"Yaushe ka gano?"

"Asabar da rana."

"Asabar." Ta cire tabarau ta ajiye. "Wendell, jiya ƙarfe shida na yamma na kira wakilan yaran biyu. Kellan ya sa hannu. Sunan Tavion ya riga ya tafi ofishin gasa a matsayin wanda muka sallama. Ina nan ranar Asabar har biyar. Matakala goma sha shida ce tsakaninmu."

"Ba yadda za a yi?"

"Ba gurbi. In ƙirƙiro shi?"

Ta ce ya je, za su yi maganar idon daga baya.

Ya tarar da Tavion a ɗakin canza kaya yana cusa takalma a jaka. Roosevelt na zaune a gefe, yau ba wasa a bakinsa. Tavion ya miƙe.

"Mista Wendell, an ce asarar ƙwallo ce ta kayar da ni. Don Allah ka faɗa min me zan gyara."

Nan a tsaye, gaban Roosevelt, Wendell ya faɗa masa. Sha uku ne, ba talatin da huɗu ba. Hannunka na bi, ban bi wasan ba. Tun Asabar na sani.

Tavion ya daɗe yana kallonsa. Bai yi zagi ba, wanda da ya fi sauƙi.

"Jiya da ka tsayar da ni, ka sani ke nan."

"Na sani."

Yaron ya zuge jakarsa. Ya miƙo hannu, ba don gaisuwa ba. "Ba ni sabuwar takardar. Ka sa hannu a ƙasa, ka rubuta lambarka. Duk wanda wakilina ya nuna wa, in ya kira, ka ɗauka."

Wendell ya jingina takardar da bango ya sa hannu, ya rubuta lambarsa.

An yi masa aikin ido a watan Nuwamba. Ba a kore shi ba, amma yanzu duk abin da ya rubuta sai mutum biyu sun sake dubawa, kuma mu ne mutum biyun, mu da muka zuba talatin da huɗu a kwamfuta ba mu kunna bidiyo ko sau ɗaya ba. Tavion yana wata ƙaramar ƙungiya a Dakota ta Kudu, inda ake tafiyar sa'a tara a bas zuwa wasa. Ƙungiyoyi uku sun kira Wendell a kansa, ya ɗauka duka, ya maimaita musu labarin tun daga farko. Har yanzu ba wadda ta ba yaron gurbi.