Odile Verret Ta Dawo Gida Neman Likitanci

Odile Verret 'yar masunta ce, haifaffiyar wani ƙauye a fadamun kudancin Luwiziyana, inda mahaifinta Alcide yake kamun jatan lande tun kafin gemu ya fito masa. Tana 'yar makaranta guguwa ta taso daga teku ta share rabin garin. Aka tura ta Tekzas wurin ƙanwar mahaifiyarta, wai ta zauna kafin a gyara rufi. Rufi ya gyaru, amma zama ya miƙe. Can ta gama sakandare, can ta yi jami'a tana karatu tana aiki, har ta zama ma'aikaciyar motar asibiti, cikin masu zuwa ɗauko mara lafiya a gida ko a bakin titi.

Aikin ya karɓe ta. Hannunta ba ya rawa, bakinta kuma ba ya hutawa. Ko ƙafar mutum ce ta karye, sai ta sa shi dariya kafin a isa. Abu ɗaya ne yake ci mata tuwo a ƙwarya: da ta miƙa mara lafiya ga likitoci, shi ke nan nata ya ƙare, ba ta sanin yadda aka kwashe. Ita kuwa ƙarshen take son gani.

Ta haura talatin lokacin da ta yanke shawara. Ta zauna jarrabawar neman shiga makarantar likitoci, ta ci da kyau, ta ce kuma ba inda take so sai makarantar jiharsu ta Luwiziyana. Nan ta gano cewa makarantar mazauna jihar take fifitawa, kuma zaman shekara guda a jihar ake dubawa, ba inda aka binne cibiya ba. Ita kuwa lasin tuƙinta na Tekzas ne, can take biyan haraji, can take zaɓe.

Da ta gaya wa Alcide a waya, ya ji abin kamar zagi.

"Wa ya ce ke baƙuwa ce? Ga kakanki nan kwance a bayan coci, su zo su tambaye shi."

"Baba, ba sa hira da matattu," in ji ta tana dariya. "Share min ɗakina kawai, ina nan tafe."

Ta loda komatsanta a tsohuwar motarta ta kamo hanya, tana rera waƙa har ta tsallako iyaka. Ta sami aikin motar asibiti a gundumarsu, ta sauya lasin tuƙi, ta yi rajistar zaɓe, ta zauna jiran shekara ta zagayo. Direban motar, wani dogo mai barkwanci da ake kira Terrell Batiste, ya raɗa mata suna Baƙuwar Tekzas, yana cewa har barkono ta manta yadda ake ci.

Shekarar ba ta tafi a banza ba. Likitan garin ya daɗe da yin ritaya, asibiti kuma da nisa, tsofaffi ba sa kira sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Da yawansu Faransancin gida suke yi in zafi ya kai zafi, ga shi nata ya yi tsatsa. Kaɗan-kaɗan harshen ya dawo mata, har tsofaffin suka fara tambayar ko 'yar Alcide ce ke kan aiki kafin su yarda a ɗauke su.

Da lokaci ya cika ta nema a matsayin mazauniyar jiha, aka kira ta ganawa a birni. Wata dattijuwar malama, Likita Sonnier, ta tambaye ta me ya rabo ta da Tekzas mai tarin makarantu. Amsar da ta haddace ta gudu. Sai ta ba da labarin wata tsohuwa mai ciwon suga da suke ɗauka a kai a kai, wadda da akwai mai duba ƙafarta a kusa da ba a kai ga yanke yatsa ba. Suka yi ta magana har aka ƙwanƙwasa ƙofa cewa lokaci ya ƙare.

Kiran makarantar ya zo wata Juma'a da rana, ana tsaka da dafa miyar kuɓewa da jatan lande a tsakar gida. Odile ta ga lambar, ta zagaya bayan gida. Can sai ga ta a guje, takalmi ƙafa ɗaya.

"Sun ɗauke ni, Baba! Sun ɗauke ni!"

Alcide ya saki ludayi cikin tukunya, ya haye jirgin ruwansa ya danne oda, har maƙwabta suka fito suna zaton gobara ce. Da suka ji labari aka ƙaro shinkafa, wani ya ɗauko goge, rawa ta ɓarke. Kafin la'asar an jeru a gabanta, wannan na nuna gwiwa, wancan na buɗe baki, tana rantse musu ko aji ba ta shiga ba tukuna.

A watan Agusta ta kama ɗaki a saman wani gidan burodi a birni. Ranar farko ta riga kowa zuwa, ta zauna a sahun gaba. Wata yarinya ta matso da ladabi ta tambaye ta ko ita ce malamar. Odile ta janye jakarta daga kujerar kusa, ta ce, "Zauna, ƙanwata. Ni ma yau na zo."