Ɗigon Fenti a Bangon Bene

Ranar da na fara gane akwai abin da ke damun mijin yayata, ni na sha wahalar, ba shi ba. Na biya ta inda yake aiki da safe, sanye da farar rigata ta zuwa ofis, ya ce in riƙe masa tsani minti ɗaya. Na riƙe, ina ba shi labarin yadda na ƙure wani direba a hanya. Ina tsakiyar labari na ji tsanin ya girgiza, kafin in ɗaga kai bokitin shuɗin fenti ya kife mini tun daga ƙeya har takalmi. Na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na hango shi ya rungume saman tsanin da hannu biyu, idonsa a rufe, leɓɓansa sun yi wani irin duhu. Kwana uku ina goge kunnuwana da kananzir. Shi kuwa cewa ya yi jiri ne kawai, bai karya kumallo ba.

Dogo ake ce masa. Shekara ashirin da shida yana fenti, kuma mutum ne da ba ya yarda da abin da bai auna ba. Ya leƙa ɗaki sau ɗaya ya gaya maka galan nawa zai ci, ba ragi ba ƙari. Maganarsa ta yini guda ba ta kai tawa ta gaisuwa ba. Shi ya raɗa mini "Mai baki", har 'ya'yansa suka ɗauka suna ce mini Kawu Mai baki.

Shekara ɗaya da rabi aka yi ana ce masa asma ce. Ya shaƙi maganin feshi na asma har ya gaji. Wasu suka ce warin fenti ne ya ci masa ƙirji. Aka ɗaura masa abin awon jini a dantse ya fi sau goma, kullum lafiya lau. Sai da ƙafafunsa suka kumbura takalmi ya ƙi shiga, sannan aka tura shi hoton zuciya, daga nan aka zura masa wani siririn bututu ta jijiyar wuya. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta zana mana a takarda. Ta ce hawan jini ne, amma ba irin na kowa ba, na huhu ne. Hanyoyin da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu sun tsuke, zuciyar tana ta turawa kamar mai tura mota a kan tudu, wata rana za ta gaji. Ta ce magani yana rage gudun ciwon, ba ya korar sa. Da ta ji cewa mahaifiyarsa ta rasu da ƙuruciya da "ciwon haki", sai ta ajiye biro ta ce wani lokaci ana gadon sa, ya kawo yara a duba su.

Na ce, "Likita, ni fa ƙanin matarsa ne, ba mu haɗa jini ba, a rubuta." Babu wanda ya yi dariya. Dogo ya ce zai kawo su. Bai kawo su ba.

Duk wata uku akwai gwajin da ake masa. Akwai wani dogon baranda a asibitin, an ajiye kujera a kowane ƙarshe. A maƙala maka wani abu a yatsa, nas ta danna agogo, ka yi ta kai da komo minti shida. Nisan da ka ci shi ke gaya wa likita ko magani na aiki ko a ƙara. Dogo kuwa ya san idan nisan ya ragu za a hana shi hawa tsani gaba ɗaya. Sai ya riƙa kwanciya kwana biyu kafin ranar, ya shigo barandar ya cije ya yi ta sauri kamar wanda ake bi da sanda. Ni kuma ina gefe ina masa kirari: "Dogo na Yaya! Raƙumi ya ga hanya!" Nas ta harare ni, ta ce ba a zuga mai gwaji. Takarda ta fito da kyau, likita ta bar magani yadda yake. Shi kuma ya shige banɗaki ya kulle ƙofa, sai bayan rabin awa ya fito, fuska jiƙe da ruwa.

Gidansu a hawa na uku yake, matakala arba'in da takwas. Wata ranar hutu ina hawa, ina haki irin na masu tumbi, na lura da wasu ɗige-ɗige a bango, daidai kafaɗa, kamar an dangwala babban yatsa a shuɗin fenti. Ɗaya a matakala ta arba'in, ɗaya a ta talatin da huɗu, ɗaya a ta ashirin da bakwai. Na can sama sun bushe sun dushe. Mafi sabo yana ta goma sha tara. Ban buƙaci a gaya mini ba. Mutumin da ke ruɗin likita ya kasa ruɗin kansa, duk wata yana sa alama a inda numfashi ya tsayar da shi.

Sai na ga wasu a ƙasa, daidai ƙuguna, da fenti ruwan ɗorawa. Guda uku. Su ma saukowa suke yi.

Na same shi a falo, ƙafafu a kan matashi. Na ce, "Maigida, shuɗin na gane. Ruwan ɗorawan fa, ka fara hawa da rarrafe ne?"

Ya ce, "Auta ce."

Auta ƙaramar 'yarsa ce, shekararta tara, ita ce mai zuwa da gudu ta laluba mini aljihu. Ya ce wata huɗu ke nan yana lura da ita, yana sa mata alama. Idan ta dawo daga makaranta sai ta tsuguna a tsakiyar bene tana ɗaura igiyar takalmi, igiyar da ba ta kwance ba. Yayata ba ta sani ba. Ya ce shi ma da haka ya fara, yana yi kamar yana gyara buroshi.

Na ce, "To me kake jira?"

Ya ce, "Muddin ban kai ta asibiti ba, malalaciya ce kawai."

A ƙarshe ba ni na shawo kansa ba. Malamar ajinsu ce ta aiko da takarda cewa Auta ta sume a filin wasa, ta farfaɗo tana tambayar wa ya kashe fitila, alhali rana tsaka ce.

Da safiyar da aka kai ta, Dogo ya fara shiga wurin likita shi kaɗai. Ban san abin da ya faɗa ba, na dai ga ta fito ta ja fayil ɗinsa tana soke lambobi da jan biro. Aka yi wa Auta hoton zuciya, mai hoton ya daɗe a wuri ɗaya, ya kira wani, wanin ya kira likita. Yayata tana ta murɗa bakin mayafinta. Daga nan aka fito da yarinyar baranda, aka maƙala mata abin yatsa, da ƙyar ya zauna saboda ƙanƙantar yatsan.

Zagaye biyu ta yi tana murmushi. A na uku kafaɗunta suka fara ɗagawa. A na huɗu ta rage tafiya, ta dubi takalminta, ta fara sunkuyawa. Ban san lokacin da na miƙe ba, ina tafa hannu: "Haba Autar Kawu! Saura kaɗan! Nuna musu ke jinin Dogo ce!"

Dogo ya damƙi gefen rigata ya fizgo ni kan benci. Hannunsa sanyi ƙalau, yana haki tsakanin kalma da kalma.

"Mai baki, rufe mana baki. Ni ka zuga ni na ci wata tara ina yi wa likita ƙarya. Wannan ka bar ta ta tsaya inda za ta tsaya."