Haƙuri Ba Ya Hawa Jaki

Kakarmu ba ta fara tatsuniya sai ta ga an wanke kwanukan tuwo. Da an yi sallar magariba an ci abinci, sai ta jawo kaskon garwashi ƙofar ɗakinta, ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar gidanmu na Dusuman, ta barbaɗa ɗan turare, ta miƙe ƙafafu. Mu uku ne jikokinta na gidan: Ya Bukar babbanmu, sai ni Falmata, sai Modu autanmu wanda kullum kansa na bisa cinyarta. 'Ya'yan Kanawan da ke ɗinki a bakin titi su ma sukan shigo, saboda su ne Kaka take ajiye Kanuri ta koma Hausa.

Hausar Kaka kuwa sai ita. Namiji ta ce "ta", mace ta ce "ya". Da ta ce, "Sai Bulama ta hau doki," yaran Kanawa su kwashe da dariya har da birgima.

"Ku yi ta yi," in ji ta. "Ranar da kuka iya gaishe ni da wushe, sannunmu ta Kanuri, ba kamar masu korar kaji ba, sai ku zo ku gyara mini baki."

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba ta ƙarewa da daɗi, kuma ita muka fi roƙo. Ta maƙeri ce. Zan faɗe ta yadda na riƙe, amma na gyara mata mazan da matan.

Wai a wani gari maƙeri ɗaya ne tak, wutar maƙerarsa tun zamanin kakansa ba ta taɓa mutuwa ba. Ranar bikin ɗan Bulama, wato mai garin, maƙeri ya sa rigarsa ta kirki ya je. Yana shirin zama a tabarma sai Bulama ya ce, a gaban kowa, "Ku ba shi nasa can wajen takalma, kada ya shafa mana baƙi a riga." Jama'a suka yi dariya, don dariyar mai gari ba a barin ta ita kaɗai. Maƙeri ya tashi ya koma gida, ya ɗauki tulu, ya juye a kan wutar.

A nan Kaka takan tsoma yatsu a moɗa ta yarfa ruwa cikin kasko, garwashi ya yi cuu, mu duka mu zabura.

Damina ta matso. Fartanya ta karye babu mai gyara, lauje ya dushe, gatari ya rabu da ƙota. Mutane suka dami Bulama da kuka. Sai ya sa aka ɗora wa jaki buhun gero biyu, ya kira dattawa uku ya ce su kai, su ce a yi haƙuri. Maƙeri ya dubi jaki, ya dubi dattawa, ya ce, "Wa ya zage ni, jakin nan ko Bulama?" Suka ce Bulama. Ya ce, "To me ya kawo jaki? Ku ce masa haƙuri ba ya hawa jaki, da ƙafa yake zuwa."

Dattawa suka juyo. Da suka iso gindin wata tsamiya sai suka tsaya suna kallon juna. Wa zai iya faɗa wa Bulama wannan magana? Suka shiga fada suka ce, "Ranka ya daɗe, ya gode ƙwarai, ya dai ce geron ya yi kaɗan." Bulama ya ƙara rago. Aka dawo da rago. Ya ƙara riga, ya ƙara doki. Kullum maƙeri maganarsa ɗaya, kullum dattawa su ajiye ta a gindin tsamiya su ɗauki wata mai laushi. Bulama yana cewa bai taɓa ganin mai haɗama irin maƙerin nan ba. Maƙeri yana cewa ashe Bulama sayena yake son yi.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe shuka, mutane suka koma cira da hannu. A cikin masu cirar har da 'yar maƙerin, ita kaɗai Allah Ya ba shi. Ta sa hannu a ciyawa, maciji ya sare ta. Ba ta kai la'asar ba. Aka nemi abin haƙa kabari a garin kaf aka rasa mai kaifi. Ranar ce maƙeri ya hura wutarsa, abin da ya fara ƙerawa kuwa dagin da aka haƙa ramin 'yarsa.

Sai Kaka ta tona garwashi, ta ce, "To, wa ya kashe yarinya?"

Ya Bukar ya ce maƙeri ne, taurin kansa ya yi yawa, babba ya aiko har sau huɗu ai ya gama komai. Modu ya ɗago kai daga cinyarta yana huci, ya ce Bulama ne, shi ma da zai kashe wutar har ya fasa tulun. Ni kuma da aka zo kaina na ce, "Maciji ne."

Aka yi ta dariya. Kaka ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ke Falmata, da macijin yana zaune a nan, da kin ce ciyawa ce." Ba ta taɓa faɗa mana amsar ba. Takan ce ita ta sauke kayanta, mai wuya ya ɗauka, ta kore mu mu kwanta.

Shekaru sama da arba'in suka wuce. Kaka ta rasu, Baba ya rasu. Ya Bukar ya yi boko ya zama babba a ofis, ya tare a GRA, ya ɗauko mahaifiyarmu, Iya, ta koma gidansa saboda hawan jini. Modu ya zama manomin shinkafa a Zabarmari. Ni ina nan Dusuman da 'ya'yana.

Da Ya Bukar ya tashi aurar da 'yarsa ta fari, a ƙa'ida Modu ne uban yarinya na biyu. Kamata ya yi a je a same shi da goro a hannu, a zauna a yi shawara, shi zai ba da aurenta ma. Sai aka aika direba da kati. Kati mai ruwan zinari, an rubuta sunan Modu a bayan ambulan kamar na kowa. Direban ya same shi a cikin taɓo har gwiwa, ya miƙa masa. Modu ya juya katin ya ce, "Ni ake aiko wa takarda, kamar abokin ofis?" Bai je bikin ba. Ya kuma rantse ba zai ƙara taka gidan ba sai mai gidan ya tako nasa.

Iya kuwa a gidan take.

Ni aka sa a tsakiya, don kowa ya san ba ni da faɗa. Ya Bukar ya ba ni shadda in kai. Modu bai ko buɗe ledar ba.

"Ya Falmata, ba na son komai nasa. Ki ce masa ya zo. Ya zo da ƙafarsa ya ce ya yi kuskure, shi ke nan."

Na hau keke napep na koma GRA. A ƙofar gidan na tsaya ina gyara mayafi, ina tunanin yadda zan kalli yayana, mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo, in ce ƙanenka ya ce ka je. Da na shiga sai na ce, "Ya gode, ya dai ce a ɗan ba shi lokaci."

Da layya ta zo aka ba ni rago na kai. Daga baya har injin ban-ruwa. Komai ya dawo yadda ya tafi, ni ma na dawo da "a ɗan ba shi lokaci". Kullum in na leƙa ɗakin Iya, kafin ta amsa gaisuwata sai ta kalli bayana ta ce, "Modu fa?" In ce aikin gona ne ya riƙe shi, yana nan tafe. Shekara biyu ana haka. A raina ina ganin ruwa nake zubawa a wuta.

Wata Asabar da hantsi ina tankaɗe, 'yata Zara da ke jami'a tana gefe a tabarma da littattafanta, sai tsaki take yi. Na tambaye ta lafiya. Ta ce wata tsohuwar waƙar yaƙi ta mutanen Girka aka ba su, doguwa kamar ba za ta ƙare ba. Wai wani jarumi ne sarki ya wulaƙanta a gaban mayaƙa, ya yi fushi ya ajiye makamai, ana ta kashe mutanensu yana zaune. Sarki ya tura masa manyan mutane da alƙawarin dukiya mai yawa, ya ƙi, har sai da aka kashe amininsa.

"Malam ya ce mu rubuta abin da ya sa duk dukiyar nan ta kasa lallashinsa. Mama, ni da aka ba ni rabinta ai har rawa zan yi."

Na ce, "Sarkin ya je da kansa?"

"A'a, aike ya yi."

"To ai shi ke nan. Haƙuri ba ya hawa jaki."

Ta yi dariya ta ce wallahi sai ta rubuta haka, in malam ya tambayi mai maganar ta ce wata farfesa ce a Dusuman. Ni ma na yi dariya, ina jin daɗi wai ni da na koyi baƙi da girma a ajin yaƙi da jahilci na warware wa 'yar jami'a tambaya. Sai na ƙara da cewa, "'Yan aiken fa, sun kai magana yadda aka ba su?"

Ta duba takardarta. "Malam ya ce akwai mai wayon baki a cikinsu. Da zai je ya rage maganar sarki, da zai dawo ya rage ta jarumin."

Na ajiye rariya. Tsamiyar Kaka ce ta tsaya mini a ido, da ƙofar gidan Ya Bukar, da ni ina gyara mayafi.

Washegari da sassafe ina GRA. Na same shi a falo, ga wata leda a kan tebur, yana ganina ya turo ta gabana.

"Yauwa Falmata, wannan hular zanna ce, ki gwada kai masa ko..."

"Ya Bukar, ni ba jaka ba ce."

Ya cire tabarau ya dube ni. Tunda aka haife ni bai taɓa jin muryata ta kai haka ba. Ni ma ban taɓa ji ba. Na faɗa masa komai, kalma da kalma, tun daga ranar shadda.

"Ni zan je in durƙusa wa Modu? Yaron da na yi wa tsarki da hannuna?"

"Ba wanda ya ce ka durƙusa. Cewa aka yi ka je. Ka aika wa ɗan uwanka kati kamar baƙo, ka dawo kana aika masa rago kamar mai bara. Ga Iya can kullum idonta a ƙofa."

"Wato shekara biyu ƙarya kike yi mini?"

"Ƙarya nake yi maka. Kai kuma shekara biyu kana karɓa, don ta yi maka daɗi. Ko sau ɗaya ka taɓa cewa, Falmata, me ya ce da bakinsa?"

Ya tashi ya shige ciki.

Kwana huɗu ya yi yana kokawa da girmansa. Yau taro, gobe baƙi, jibi mota ba lafiya. A kwana na uku ciwon Iya ya tashi, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya ɗauke. A na huɗu ya ja mota da kansa zuwa Zabarmari. Modu ya ce ya hango shi ya bar motar a bakin hanya, ya cire takalma ya riƙe a hannu, ya biyo kunya-kunya yana zamewa, farar rigarsa duk taɓo. Da ya iso ya ce masa da Kanuri, "Modu, na yi kuskure." Iyakar abin da ya ce ke nan. Modu ya wanke hannu a ruwan gona ya bi shi. Abin da ya ci shekara biyu da shadda da rago da inji, bai kai tsawon tafasar shayi ba.

Ina ɗakin mahaifiyarmu suka shigo. Iya ta juyo da ido ta kafe Modu da shi. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa, ba abin da ya fito. Ta kama babban yatsansa da hannun da ya rage mata ta riƙe. Kwana tara ta ƙara a duniya. Sunan da ta yi shekara biyu tana kira, ranar da mai shi ya zo ba ta iya kiransa ba.

A zaman makoki mata sai nuna ni suke yi. "Falmata ce ta haɗa su. Baiwar Allah mai haƙuri, ba ta iya ɓata wa kowa ba." Ina jin su. Har yau ina jin haushin Ya Bukar da kwana huɗunsa. Ina jin haushin Modu, wanda ya fi ƙarfin wucewa ta gaban yayansa don ya gaida uwar da ta haife shi. Su biyun tun suna yara a gaban kasko kowa ya zaɓi ɓangarensa, kuma ba wanda ya sauka. Amma su an san su da laifinsu, ana faɗa musu. Nawa laifin kuwa yabo ake yi mini a kansa. Da na kai maganar Modu da zafinta tun ranar shadda, da Ya Bukar ya yi fushinsa na kwana huɗu Iya tana da baki.

Yanzu ni ke da kaskon. Jikokina sukan taru bayan magariba, in yarfa musu ruwa a garwashi su zabura. In na kai ƙarshe nakan yi tambayar Kaka, kuma ba a rasa mai cewa Bulama da mai cewa maƙeri. Rannan ƙaramarsu, mai sanyin nan da ba ta son a yi faɗa, ta ce maciji ne. Sauran suka fara dariya, na hana su. Na jawo ta jikina na ce, "Koma baya kaɗan, uwata. Su wa suka tsaya a gindin tsamiya?"