Fatar Saniya a Hannun Baba

Babana mai ganda ne. Tun kafin a haife ni yake sayen fatun shanu a mayankar Agege, ya babbake, ya kankare, ya wanke, matan Yarbawa su zo da manyan robobi su kwashe. Gidanmu ƙauri, kayan makarantata ƙauri, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini sunan da ba zan maimaita ba. Ni ce babba, kuma ni ce bakin gidan, don Hausa da Yarbanci da Turanci duk ina jujjuya su. Shi ya sa ranar da bututun gas ɗin babbaka ya ɓalle, wuta ta cinye masa hannun dama daga yatsu har gwiwa, ni aka tura gaba a asibitin da aka kai shi a Ikeja.

Likitar wata Bayarbiya ce 'yar firit mai saurin baki. Ta nuna mini wani abu a leda, fale-fale, kamar ledar ɗaure alale. Sau uku ina sa ta maimaita bayani, kaina yana ƙara kullewa. Abin da na iya tsinta shi ne ƙunar ta yi zurfi, ta kai jijiya. In aka yanko fatar cinyarsa aka shimfiɗa kai tsaye, za ta tsuke, yatsun su ƙanƙance har abada. Wannan abin kuwa a ɗakin bincike ake haɗa shi, daga wani sinadari da ake cirowa a jikin saniya. Za a shimfiɗa shi, naman Baba ya riƙa kutsawa cikinsa, shi yana narkewa, bayan 'yan makonni a rufe da 'yar siririyar fatarsa. Ta ce in aka ja lokaci wurin zai ruɓe, kuma daga nan sai maganar yanke hannu.

Na koma bakin gadonsa da wannan kaya a kai, na rasa ta inda zan sauke. Duk iya bakina, ba ni da sunan abin da Hausa.

Na ce, "Baba, fatar roba za su sa maka."

"Roba? Ni tayar motar danfo ce?"

"A'a, ta saniya ce. Amma ba fatar saniya ba ce. Wato daga saniya take, sai dai..."

Ya dube ni kamar ni ce na ƙone a ka. Sai ya yi dariya har ciwon ya murɗa masa fuska. "Ganda za su liƙa mini kenan. Ai da kun faɗa, akwai a gida."

Na ji haushi, wallahi. Mutum yana shirin rasa hannu yana barkwanci. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya ce in tambayi likita ko saniyar yankakkiya ce ko mushe. Na tambaya, ta ce ba ta sani ba, daga ƙasar waje aka kawo. Ya ce in tambaye ta ko alwala za ta yi a kai. Ta ce ruwa dai zai taɓa ta bayan ta warke. Sannan ya sassauta murya ya faɗi abin da yake ci masa rai.

"Malamai sun ce ranar gobe kiyama fatar mutum za ta yi shaida a kansa. To wannan, shaidar wa za ta bayar? Tawa ko ta saniyar? In kuma ta saniya ce, ni da na ƙare rayuwata ina babbaka 'yan'uwanta, me za ta ce a kaina?"

Na juya wa likita wannan da Turanci, na ji maganar ta zama shirme a bakina. Na sake da Yarbanci. Ta dubi Baba, ta ce wannan kam ba a koya musu ba.

Kwana biyu muna wannan dambarwa, kowa da tasa. Limamin unguwarmu ya aiko cewa lalura ce, ba laifi. Wani abokin Baba, Banufe mai gadi a Isolo, ya rantse fatar gawar Turawa ce ake ɓoye mana. Ni kaina na fara kokwanto. Likita ta ce abin zai narke ya zama jikinsa, to yaushe ne yake daina zama saniya? Wace rana? Na karanta a waya har idona ya yi ja, ban samu ba. Hannun kuma ya fara wari, wari irin wanda duk ɗan gidan mai ganda ya san ma'anarsa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Innarmu ba ta cika magana a gaban mutane ba. Ran nan ta ajiye kwanon kunu, ta ce, "Malam, da fatar shanu ka ciyar da mu, da ita ka sa yarinyar nan a makaranta. Tun da can ita take rufa maka asiri. Yau don ta zo da kanta sai ka kore ta?"

Ban sani ba ko wannan amsar tambayarsa ce. Ni a ganina ba ita ba ce, har yau kuma ban san amsar ba. Baba dai ya ce in kira likita.

Ta zo da takardar amincewa da tawadar dangwale. Ya yunƙura zai ɗaga hannun dama kamar yadda ya saba, hannun yana naɗe cikin bandeji, ko motsi bai yi ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya miƙo ɗayan, ya dangwala, ya tura mata takardar, idonsa a ƙasa.

Ya ce mini, "Ki ce mata ta yi haƙuri, da hagu na ba ta."