Iskar da Na Ambata a Dumega

Abin da zan faɗa game da tsoka daga darussanmu na jami'a na ɗauko shi, kuma masana ba su gama daidaitawa a kansa ba. Sauran kuwa abin da na gani ne a tafiyar da na yi bayan girbin bana. Ban auna jinin kowa ba.

Mun tashi daga Dogon Dutsi da asuba, ni da wani abokina, a motar haya da ta cika da buhunan wake. Goggona ce ta kira ni daga Dumega: ɗanta, ɗan kokawa, ƙafafunsa sun fara mutuwa tun kafin wasa ya yi nisa, ga kokawar kaka ta matso, ita kuma ta ce ba zai shiga fili a haka ba. A Tibiri muka karya da kopto, wato zogale da aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli, sannan muka hau kabu-kabu. Yashin hanyar ya sa mun sauka mun tura babur, mai shi yana ba mu haƙuri yana dariya.

Na tarar da ƙanen nawa yana horo safe da yamma ba hutu, yana kuma haɗiyar ƙwayoyin bitamin na kasuwa kamar gyaɗa. Muka zauna a tsakar gida, na fara bayani a tsanake. Na ce idan tsoka ta yi aiki mai tsanani, iskar da ke shiga jiki tana barin wasu ƙananan abubuwa masu cin naman tsoka, kuma idan suka yi yawa suna cikin abin da ke kawo gajiya.

Goggo ta ajiye ludayi.

"Iska ka ce? Ai na hwaɗi! Gobe Lugu za mu da shi, wurin masu bori."

Babban ɗanta, ɗan kasuwa mai tsananin riƙo da sunna, ya miƙe. "Inna, ba mai kai shi wurin 'yan bori ina raye. Kai kuma, wanga ne karatun da ka yi a Yamai?"

Sai a lokacin na gane inda kalmar ta sauka. Na ce, "Goggo, wadda muke shaƙa nake nufi, ba doguwa ta aljannu ba." Na ɗauko wata tsohuwar hauya da tsatsa ta ci na nuna mata: iska ce ta yi mata haka, ba tare da kowa ya jefe ta ba. Na ƙara da cewa jiki ya fi ƙarfe dabara, yana da abubuwan kare kansa, yana kuma samun ƙari daga zogale, kuka, yakuwa da tumatir. Kaɗan daga wannan tsatsar ma tsoka na buƙatarta don ta ƙara ƙarfi, shi ya sa ake zaton yawan ƙwayoyin nan na iya rage amfanin horo.

"To, ɗana tsatsa ya yi," in ji ta. "Da sauƙi. Miya dai na iya ta."

Ƙanen nawa ya bar ƙwayoyin, ya rage horo, ya riƙa barci da shan ruwa, Goggo kuma ta cika masa kwano da ganye. Na zauna har ranar wasa. Ta bar shi ya shiga. Ya kayar da na farko, na biyu ya kayar da shi bayan doguwar fafatawa, amma ya fito da ƙafafunsa, yana haki yana murmushi. Goggo ta yi guɗa kamar shi ya ci.

Na dawo gida da damin hatsi da ta ɗaura mini, ina godiya ga Allah da ya sa aka saurare ni har ƙarshe, da kuma gidan da ya koya mini in auna kalma kafin in sake ta. Abu ɗaya dai ya rage mini. Mun canza abinci, hutu da ƙwayoyi lokaci guda, hankalin mahaifiyarsa ma ya kwanta. Wanne ne a cikinsu ya dawo masa da ƙafafunsa? Ban sani ba.